Labenda a Legas: ki shuka, ki sayi busasshe, ko ki koma ga jema da kajiji?

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman mu da zama ya kawo mu Legas. Maganar labenda ce, furen nan mai launin shunayya da ake ta gani a Instagram, wani hoton gona ce guda har iya ganin ido wani kuma an ɗaure shi dami-dami an rataye a kicin. Yanzu mata da yawa a Agege da Idi-Araba da Obalende burinsu su shuka shi a baranda su dinga yanka suna shanyawa suna sawa a sif da ƙarƙashin filo, kuma wallahi buri ne mai kyau dan ƙamshinsa mai sanyi ne baya hawa kai, ni kaina ina sonsa sosai. To amma kafin ki cire kuɗinki, hanya uku ce a gabanki, ko ki shuka da kanki ki busar, ko ki sayi busasshe wanda aka shigo dashi, ko kuma ki shuka namu na gida da suka san wannan iskar. Kowacce akwai wadda ta dace da ita, kuma abinda zai raba miki gardama guda ɗaya ne, danshin Legas.

Asalin labenda tsiron ƙasashen bakin Bahar Rum ne, kudancin Faransa da Sifen da Italiya, wuraren duwatsu da tsakuwa inda ruwa baya kwanciya. Yawancin hotunan nan daga yankin Provence na Faransa ake ɗauko su wajen Valensole, kuma furen yana buɗewa ne daga tsakiyar Yuni zuwa Yuli, daidai lokacin da mu anan ruwan sama ke hana mu leƙa ƙofar gida, su kuma lokacin ne iskarsu take bushe ƙamas. Ƙasar Bulgeriya ma tana nomansa sosai, ita ce ma kan gaba wajen fitar da mansa a duniya. Duka wuraren nan suna da lokacin sanyi na gaske sannan rani busasshe. Mu kuwa ruwan da yake sauka a Legas a shekara ya haura milimita 1,500, danshin iska yawancin watanni yana kaiwa kashi 80 cikin 100, kuma kowa ta san yadda takalmin fata ko jaka suke yin fumfuna a cikin sif in aka manta dasu a damina. Fumfuna tana fara samun gindin zama ne da zarar danshi ya wuce wajen kashi 70, kinga ke nan kusan kullum muna cikin yankinta.

Idan duk da haka zuciyarki ta kafe akan shukawa, toh ki fara sanin cewa labenda ba iri ɗaya bane, kuma anan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Akwai wanda ake rubuta angustifolia a jikin ledar irinsa, shine ake cewa na Ingila, shi yafi kowanne ƙamshi mai taushi da zaƙi, kuma shine yafi kowanne ƙin zafi da danshi, yana buƙatar ya sha sanyi kafin yayi fure mai kyau, dan haka a Legas ko ya rayu sai ki ga ganye kawai yake yi yana ramewa. Akwai labandin, wanda aure ne tsakanin angustifolia da wani ɗan uwansa latifolia, shi karansa dogo ne furensa da yawa, ƙamshinsa yafi ƙarfi da ɗan hucin kafur, wanda aka fi nomawa a cikinsu sunansa Grosso, shima dai ba ɗan danshi bane. Sai dentata, mai ganye da baki tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto, wannan shi yafi jure zafi kuma a ƙasa mai ɗumi yana iya fure kusan duk shekara. Gaskiya ƙamshin furensa bai kai na farkon ba, yafi karkata wajen kafur da ganye, amma ganyensa ma yana ƙamshi kuma ana iya busar dashi. In shuka zaki yi a Legas, dentata zaki nema, kuma ki nemi dashe ba iri ba, dan irin labenda yana da nawar tsirowa, sai an saka shi a firij na 'yan makonni ya ji sanyi, ya ɗauki wasu makonnin kafin ya leƙo, sannan galibi sai a shekara ta biyu yake fure sosai.

Wani abu kuma dan Allah a kula, wajen masu saida furanni na bakin titi a Ikoyi ko Lekki ko Ikeja, ba duk mai fure shunayya bane labenda. Akwai wani da ake kira Mona Lavender, a Afirka ta Kudu aka samar dashi, kyakkyawa ne yana son inuwa yana rayuwa lafiya, amma ba labenda na gaske bane kuma bashi da wannan ƙamshin. Ki murza ganye tsakanin yatsunki ki shinshina kafin ki biya, labenda na gaske ganyensa siriri ne mai ɗan toka-toka kuma take zaki ji shi.

Kula dashi kuma, tukunyar ƙasa mai huda a gindi tafi ta roba saboda tana numfashi, ƙasar ki haɗa da yashi mai kauri da tsakuwa sosai kada ki cika taki, rana yake so ta awa 6 zuwa sama, amma ruwan sama kada ya dinga dukansa, dole ki samu inda rana ke shiga rufi kuma ya kare shi. Ban ruwa sai kin tura yatsa kin ji ƙasar ta bushe, a gindi zaki zuba banda kan ganye. Abinda yake kashe shi anan ruɓewar saiwa ne, kina ganinsa ya langaɓe sai ki ɗauka ƙishi yake ji ki ƙara masa ruwa, alhali ruwan ne ya masa yawa.

Yankan fure yana da lokaci. Ba'a jira sai duk furen ya buɗe, ana yanka ne lokacin da ƙananan ƙullin suka yi launi sosai, 'yan kaɗan na ƙasa sun fara buɗe baki, a lokacin man ƙamshin yana cike kuma in ya bushe baya zubewa da wuri. Da hantsi ake yi bayan raɓa ta bushe kafin rana ta take, kuma kada ki yanka ranar da aka yi ruwa ko washegarin da ganye ke jiƙe. Ki sa almakashi mai kaifi ki yanko da dogon kara, amma ki bar koren ganye a ƙasa, in kika gangara har cikin tsohon icen da ya yi ruwan ƙasa wannan reshen ba lallai ya sake toho ba. Kada ki wanke, ki kaɗe ƙura da ƙwari kawai.

Busarwa ita ce wajen da aikin yake tsayawa ko ya lalace, bari in daɗe anan. Yadda Turawa suke yi shine a ɗaure ƙaramin dami da roba irin ta ɗaure kuɗi, saboda kara yana motsewa in ya bushe zare sai ya saki amma roba tana bin sa, a rataye kai ƙasa a ɗaki mai duhu da iska, cikin sati biyu zuwa huɗu ya gama. A Kano ko Katsina da hunturu, lokacin da danshi ke sauka ƙasa da kashi 20, wannan hanyar ko sati biyun ba zata kai ba. A Legas da damina kuwa tsakiyar damin inda robar ta matse baya shan iska, waje zai yi kamar ya bushe ciki kuma ya yi baƙi, ki kwance ki ji warin ruma. Dan haka ratayewa anan lokacinta ɗaya ne, ƙarshen Disamba zuwa Janairu in hunturu ya ɗan leƙo mana, kuma ko a lokacin damin kada ya wuce kaurin babban yatsa biyu.

Shanya a rana fa? Ita ce zata fara zuwa ran duk 'yar Arewa, kuma tabbas zai bushe da sauri, amma kin yi asarar abinda kika shuka dominsa, launin zai koɗe ya koma toka, man ƙamshin kuma mai tashi ne zafi yana kore shi. Kamar zogale ne, kowa ta san wanda aka shanya a inuwa yafi kore da amfani. Ga ƙurar titi da hayaƙin janareto na maƙwabta da zai shige cikinsa, fure busasshe yana ɗaukar wari da wuri.

Wadda na fi yarda da ita ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce baza shi a rariya ko faifai ɗaiɗai kada wani ya hau kan wani, a ɗaga rariyar akan wani abu yadda iska zata bi ta ƙasa, a kunna fanka a ɗaki mara rana, a dinga juyawa safe da yamma. Fanka bata cire danshi daga iska amma tana hana shi kwanciya akan furen, wannan kaɗai yana rage fumfuna sosai. Matsalarta wuta, in aka ɗauke kwana biyu a tsakiyar Yuni aikin zai iya komawa baya, mai fankar caji ko sola ita ce zata more. In kuwa akwai ɗakin da esi ke aiki kullum a gidan toh kin huta, domin esi yana tsotse ruwan da ke cikin iska, ruwan nan da yake ɗiga ta bayan bango daga ɗakin ya fito, ki ajiye rariyar a saman sif nesa da taga, zai bushe da launinsa da ƙamshinsa. Duk cikin hanyoyin wannan tafi fidda fure mai kyau a Legas.

Obin kuma ni bana ba da shawararsa. Labenda baya son zafin da ya wuce digiri 40, obin ɗin gas na gidajenmu kuwa ko kin rage shi ƙarshe ya zarce haka nesa, kicin zai cika da ƙamshi kiyi ta murna, wannan ƙamshin da kike ji shine wanda ya kamata ya zauna a cikin furen ya gudu. Na'urar busar da kayan marmari mai tire hawa-hawa tafi shi nesa ba kusa ba dan ana iya saita ta a 35, amma siyanta saboda tukunya biyu na fure bai taso ba, sai dai in dama kina busar da citta ko attaruhu ko kayan shayi na sana'a.

Ko wacce kika bi, gwajin ɗaya ne, ki karya kara, in ya ce ƙas ya bushe, in ya lanƙwashe da saura. Sai ki murje ƙullin furen a tire ki zuba a kwalba mai murfi ki rufe ta kwana, da safe in kika ga gumi a jikin gilashin ki juye ki sake bazawa. Ajiya a kwalba ce ba leda ba, a wuri mai duhu, ki jefa 'yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, aikinsu shan danshi, sai dai a nisanta su da yara. Kuma in faɗi gaskiya, bayan duk wannan wahalar abinda tukunya ɗaya zata baki a shekara bai fi ya cika 'yar jaka ɗaya ko biyu ba. Mai 'yan uwa a Jos, garin da tsayinsa ya kai wajen mita 1,200 har ake noman dankalin Turawa saboda sanyinsa, ko a tsaunin Mambila, gara ta tura dashen can a gwada, a busar a can a turo mata cikin kwalba.

Hanya ta biyu, siyan busasshe. Ga wadda ƙamshin take so ba noman ba, wannan tafi sauƙi kuma in kika lissafa kuɗin dashe da tukunya da wanda zai mutu a sake siya, ita tafi arha. Amma a buɗe ido. Mai kyau launinsa shuɗi-shuɗi ne mai ɗan toka, in kika ga shunayya mai ƙyalli sosai ki sa a jiƙaƙƙen farin ƙyalle ki murza, in ya bar launi rini ne, kuma irin wannan zai ɓata miki farar shadda. Ki murza kaɗan a tafin hannu, na gaske sai an murza ƙamshin yake tashi sosai, wanda aka fesa wa turare kuwa tun daga bakin leda yake dukan hanci sannan bayan kwana kaɗan ya mutu. In ƙura da karare suka fi ƙullin yawa, tsoho ne. Ki tambayi mai saidawa wane iri ne, na sif da akwati labandin yafi saboda ƙarfinsa kuma yafi sauƙin kuɗi, na filo angustifolia, kuma kada ki sa wanda aka saida dan ado a shayi, na sha daban ake saida shi. Kada ki sayi da yawa lokaci guda, daidai na 'yan watanni, dan a Legas ko busasshen in ya zauna a buɗe yana sake shan danshi.

Yanzu namu. Ni dai ina jin ciwon yadda muke tsallake jema da kajiji muna hangen na nesa, alhali iyayenmu dasu suka ƙamsasa randa da adaka da kayan lefe. Jema ciyawa ce mai son ruwa, a saiwarta ƙamshin yake, 'yar uwarta ta Indiya ita ce ake tatsar manta a Haiti da Indunusiya ana sawa a manyan turaruka masu tsada. Ruwan Legas baya damunta ko kaɗan, ki shuka a buhu ko rabin durom saboda saiwar tana nutsewa ƙasa sosai, a buhu kuwa farkewa kawai zaki yi ki kaɗe ƙasa. Haƙuri take so, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin saiwar ta yi ƙamshi sosai, sai a wanke tas a shanya a inuwa, kuma da yake siririya ce kamar zare bata wahalar bushewa. Abinda yafi burge ni da ita, ɗan danshi tada ƙamshinta yake yi, a Indiya har labule suke saƙawa da ita suna yayyafa ruwa iska na busowa da sanyi da ƙamshi. Kenan iskar da take lalata labenda ita jema bata tsoronta, in dai tun farko an busar da ita da kyau. Ƙamshinta na ƙasa ne mai nauyi irin na bayan ruwan farko, ba irin na fure ba, wata zata so wata ba zata so ba, ki shinshina tukunna.

Kajiji shima ɗan fadama ne, 'ya'yan da ke gindinsa ake tonowa a busar, masu tauri ne suna daɗewa basu lalace ba, kuma duk mai haɗa turaren wuta irin na Maiduguri ta san matsayinsa. Ba sai kin shuka ba ma, wajen masu kayan ƙamshi namu na nan ana samu, ki ɗan daddaka ki ƙulle a ƙyalle. Lemon giras kuwa shine mafi sauƙi duka, Yarbawa maƙwabtanmu gidajensu da yawa akwai shi a bayan ɗaki, ki roƙi gindi ɗaya ki dasa cikin wata kaɗan ya cika bokiti, kina yanka yana sake fitowa. In kika yayyanka shi ƙanana yana bushewa da wuri a gaban fanka, aibinsa ƙamshin baya daɗewa, dole ki dinga sabuntawa, amma tunda kyauta yake fitowa ba wani abu bane. Ɗoɗɗoya tana da ƙamshi mai kama da kanumfari sai dai ganyenta yana baƙi wajen bushewa, ni a miya na fi sonta da a sif.

To wanne za'a ɗauka? Ya danganta da inda zaki sa. Na ƙarƙashin filo da zanin gado, labenda busasshe na siya babu na biyunsa, ki ɗinka 'yar jaka da yadin auduga mara kauri, duk bayan kwana biyu ki ɗan matsa ta ƙamshin ya farfaɗo. Na sif da akwatin atamfa da leshi da ake daɗewa ba'a buɗe ba, jema da kajiji sun fi, ko ki haɗa su da labandin kaɗan da kanumfari, haɗin yana daɗi sosai. Asu baya son warin labenda amma fa baya kashe wanda ya riga ya yi ƙwai a cikin kaya, kuma babu ɗaya a cikinsu da yake hana fumfuna, wannan sai shanya kaya da buɗe sif ya sha iska. Na kasko da garwashi kada ki ɓata labendarki, akan wuta warin ƙonanniyar ciyawa yake yi, nan filin kajiji ne da sandal da hawi, in dole sai kin turara shi toh a abin turare na lantarki mai zafi kaɗan. Masu mage a gida su kula kada ta ci, yana cutar da ita, man sa kuma kada a ɗiga kai tsaye akan tufafi yana barin tabo.

Shuka labenda kuwa na barwa wadda take son shukar dan kanta, tana da baranda mai rana da rufi, tana da esi ko fankar da bata yankewa, kuma ranta ba zai ɓaci ba in damina ta tafi da tukunya ɗaya. Ita ma ta sayi dashen a Nuwamba lokacin da ruwa ya ja baya, ya samu watannin rani ya kafa saiwa kafin ruwan Afrilu, ta kuma dasa jema ko lemon giras a gefe tun ranar. Wadda take ɗaki ɗaya a gidan haya ba wajen rana, ta sayi busasshe kaɗan ta haɗa da kajiji, jakunkunan kuma duk ƙarshen wata a damina ta fito dasu ta buɗe ɗaya ta duba, in ta ga fari-fari ko ta ji warin ruma ta zubar da abin ciki ta wanke ƙyallen ta sake sabon zubi, kada ta bari ya kwana a cikin kaya.